Rabin Askin Baba Rediyo

Baba Rediyo ba ya kunna injin aski sai ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓar mutum ya ɗago ta, ido ya haɗu da ido a cikin madubi. Sannan ya ce, "To, ka ji abin da ya faru?" Ko ka ji ko ba ka ji ba, za ka sake ji. Askin da wani zai gama kafin ruwa ya tafasa, shi yakan kai hantsi a kansa, don ba ya haɗa aski da magana, kuma maganar ce ta fi gaggawa. A nan ya samo sunan Rediyo, sai dai shi ba a taɓa gano inda ake kashe shi ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da dogon benci. Bencin kullum a cike yake, kuma rabin masu zama a kansa masu sanƙo ne. Ba gashi ke kawo su ba.

A wancan zamanin wayar kowa mai madannai ce, a yi ta latsawa kafin harafi ɗaya ya fito. 'Yan ofis kaɗan ke da mai tsinke, in tsinken ya ɓace su koma wa na sakace. Ana nan sai ƙanin matar Baba Rediyo, direban babbar mota, ya kawo masa tsarabar wata waya, baƙin gilashi sumul, ba madanni ko na rantsuwa.

Tela, maƙwabcinsa kuma abokin faɗansa, ya leƙo ya dube ta sama da ƙasa.

"Mutumina, an cuce ka. An ba ka murfi, an riƙe wayar."

"Kai da ba ka ganin ramin allura sai an riƙe maka fitila, ina za ka ga ci gaba?"

Ya shafa gilashin, hoton matarsa ya fito. Ya sa yatsu biyu ya buɗa, hancinta ya cika wayar. Benci ya ɗauki salati.

"Maza mayar da ita yadda take," in ji Tela, "kafin labari ya kai gida."

Shekarar nan Baba Rediyo ya sha sarauta. Mai son taɓa wayar sai ya wanke hannu da sabulu. Mahauci ya wanke har sau biyu, aka ce ya kalla daga nesa. Kullum kuma sai ya yi wa jama'a wa'azi: "Wata rana kowa zai riƙe irinta, ku rubuta ku ajiye." Mutum ne mai sa'a. Abin da ya roƙa wa unguwa, an ba ta har da ƙari: ba a jima ba kowa ya mallaki irinta.

Da farko ya yaba, ya ce tunda yake bai taɓa samun ƙeya a shimfiɗe haka ba, kowa ya zo a sunkuye yake. Amma in ya ɗago haɓar mutum, sai wayar ta biyo haɓar. In ya ce, "Ka ji abin da ya faru?" sai a ce, "Na gani, Baba, ga ma bidiyon." Bencin bai rage cika ba, sai dai shiru kamar ɗakin jarrabawa, kowa na shafar tafin hannunsa. Ya gwada kai labaransa gida, matar ta ce, "Malam, turo min ta saƙon murya, in na samu sarari zan ji."

Tela kaɗai ya rage masa, da tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba. Ba ya yarda da ko kalma ɗaya ta Baba Rediyo, amma kafin mutum ya ƙaryata ka ai sai ya saurare ka. Sai 'yar Tela, yarinya mai tausayin uba, ta saya masa sabuwa.

Wata safiya Tela ya zauna a kujerar aski, kai a ƙasa. Baba Rediyo ya aske gefen hagu a hankali, don hannunsa na dama ya jima da fara rawa, yana ɓoyewa. Ranar ba labarin kowa ya zo da shi ba, nasa ne.

"Na je asibiti jiya. Likita ya ce rawar hannun nan ba za ta bari ba. Ya ce in ajiye aska kafin in yanke kunnen wani."

"Madalla," in ji Tela. "Allah ya ƙara."

"Na ce rufe shagon zan yi."

"Haka ne, haka ne. Kai, zo ka ga wata akuya a kan babur!"

Baba Rediyo ya tsaya yana kallon tsakiyar kan abokinsa. Ya dubi benci, ya ga kawuna a jere. Sai ya ajiye injin a kan kantar shagon, a kunne, yana ta zuuu abinsa. Ya ɗauki hularsa ya fita. Babu wanda ya hana shi, don babu wanda ya gan shi.

Ba a san iya zaman da Tela ya yi ba. Sai da 'yarsa ta kira shi ta bidiyo ta fashe da dariya, sannan ya hango kansa a ɗan lungun wayar, hagu fes, dama daji. Ya tafi gidan Baba Rediyo da zanen aski a wuya, ya tarar da shi zaune a inuwa.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan? Taso ka ƙarasa min!"

"Na faɗa maka dalili, da bakina, a kunnenka. Maimaita min, in ƙarasa maka ko da hannun hagu ne."

Tela ya shiga hasashe, ya ce kuɗin haya. Ya ce wutar lantarki. Ya tambayi 'yan benci, suka ce su dai sun ji ƙarar inji. Ya tambayi matar, ta duba wayarta ta ce ba a turo mata komai ba.

Masu aski sun cika gari, amma Tela ya ƙi zuwa wajen kowa. Ya sayi hula mai zurfi. Duk bayan 'yan kwanaki yakan je ya zauna a inuwar nan, waya a aljihu, ya kawo sabon hasashe. Baba Rediyo ya girgiza kai, ya tura hannun dama ƙarƙashin riga, ya ɗauko wani labarin daban mai tsawo. Gefen daman nan na kan Tela har yau ba a taɓa shi ba.