Kurma da Injin da Ya Zo Daga Koriya

Shekara tara muka yi muna zama kafaɗa da kafaɗa da ita a teburin naɗi na maɗaba'ar da muke aiki. Namu shi ne mu naɗe takardun da injin bugu ya fitar, mu jera su shafi bi shafi, mu miƙa wa masu ɗinki da gam. Kurma muke ce mata, ba don kunnenta na da matsala ba, sai don kullum iyafis na maƙale a ciki ƙarƙashin ɗankwali. Sai ka kira ta sau uku, a na huɗu ka jefa mata guntun kwali, sannan ta ɗago ta ce, "Da ni ake?"

Abin ya samo asali ne daga asibiti. Mahaifiyarta ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita wata biyu, Kurma ce mai jinya. A gadon da ke kusa akwai wata ɗalibar koyon aikin jinya da aka yi wa tiyata a ƙafa, wadda wayarta ba ta hutawa. Wasu samari ne masu gashi kala-kala suke waƙa a cikin wayar, suna rawa kamar an ɗaure su da zare ɗaya ana ja. Kwana biyun farko Kurma tsaki take yi. A na uku ta tsinci kanta tana gyaɗa kai tana matse tsumma.

"Wai me suke cewa ne?" ta tambayi ɗalibar.

"Wallahi Anti ban sani ba. 'Yan Koriya ne. Daɗi kawai take min."

"Tun yaushe kike ji?"

"Shekara uku ke nan."

"Shekara uku mutum yana miki magana a cikin kunne, ba ki taɓa neman sanin me yake nufi ba?"

Ɗalibar ta yi dariya, amma Kurma da gaske take. Haka halinta yake, ko takardar magani aka ba ta sai ta karanta har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ta sa aka nemo mata baƙaƙen yaren a waya, ta riƙa kwafarsu a bayan takardun asibiti. Kafin a sallami tsohuwa ta iya haɗa su ta karanta, ko da yake ba ta san ma'anar ko kalma goma ba.

Lokacin tana da shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya mata biyu, karatunta kuma a aji uku na sakandare ya tsaya. Mijinta direban motar raba kaya ne, mutum mai barkwanci, bai hana ta ba amma bai raga mata ba. In ya dawo ya same ta da littafi tana murguɗa baki sai ya ce, "Maman yara, Turancin da kika bari a hanya yana gaishe ki." Babbar 'yarta kuwa kunya take ji, har ta roƙe ta kada ta sa waƙoƙin in ƙawayenta sun zo. Kurma ta ce to, ta ci gaba da abinta. A cikin bas take karatu, zuwa da dawowa, sai kuma rabin awar hutun rana. Ni ina cin abinci, ita tana ci da hannu ɗaya tana rubutu da ɗaya. Ragowar takardun da injin yanka ke zubarwa take tarawa ta ɗinke su zama littafi. Na ƙirga mata goma sha ɗaya kafin na gaji da ƙirgawa.

Ɗalibar nan ce ta saka ta a guruf ɗin masoya waƙoƙin. Sun kai ɗari biyu a waya, waɗanda ke kusa kuma sukan haɗu Asabar ɗin ƙarshen wata a wani ɗaki a saman shagon koyar da kwamfuta. Na raka ta sau biyu. Ana tura kujeru bango, a jingina waya a taga, a yi ta maimaita taku ɗaya har sai ƙafar kowa ta sauka tare. Wasu na musayar ƙananan katunan hotunan mawaƙa kamar masu cinikin zinariya. Fitilar da ake ɗagawa a wurin wasa ba kowa ke samunta ba, sai su naɗe tocila da leda mai launi. In an buɗe zaɓen gwarzon shekara a intanet, sai su raba kansu rukuni-rukuni, kowa da awarsa ta jefa ƙuri'a, da mai bin sahun wanda ya yi lalaci. Ranar haihuwar mawaƙinsu kuwa sukan je su ba da jini ko su share harabar wani asibiti da sunansa.

Kurma ce babba a cikinsu, duk Anti suke ce mata. Ba ta rawa, gwiwarta ba ta yarda. Nata aikin fassara ne. In sabuwar waƙa ta fito, kafin kwana biyu ta sako ta da Hausa, baiti-baiti. Ita ce ta gaya musu cewa waƙar da suka fi yin tsalle a kanta, ashe yaro ne yake ba mahaifinsa haƙuri don ya bar makaranta. Wasu suka ce ta ɓata musu rawa. Ta ce su yi rawarsu, amma su san a kan me suke yi.

A shekararta ta huɗu da fara karatun, maɗaba'armu ta sayo injin naɗi da gam, wanda aka taɓa amfani da shi, daga Koriya. Dogo ne, ya cinye rabin ɗakinmu, duk maɓallansa da yarensu. Aka turo injiniya ya haɗa shi ya koya wa maza biyu cikin kwana goma. Dattijo ne gajere mai furfura, kullum da farar safar hannu, Turancinsa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Ya haɗa injin lafiya, amma duk littafin da ya fito sai bayansa ya tattare, in ka buɗe shi ya ƙi kwanciya. Kwana uku yana nuna takarda yana magana, manaja yana gyaɗa kai bai fahimci komai ba. An gwada fassarar waya, ƙarar injina ta hana ta ji, har ta taɓa cewa a ba takarda hatsi.

Ran Alhamis Kurma ta cire iyafis ta ajiye a kan tebur. Ta ce min, "Zan je."

"Kin tabbata?"

"In ban je yau ba, me na yi shekara huɗu ina yi?"

Ta je ta tsaya gaban dattijon ta yi masa magana. Muna kallo fuskarsa ta sauya, ya ja baya kaɗan, ya dube ta sama da ƙasa. Daga baya ta gaya min abin da ya faru. Yaren yana da yadda ake magana da babba da yadda ake yi da sa'a, ta kuma sani a takarda. Amma ba ta taɓa magana da ɗan Adam da shi ba, da ta ruɗe sai harshenta ya koma na waƙa. Abin da ta ce wa mutumin da ya isa ya haife ta shi ne, "Kai, zo nan, me ke damunka?"

Duk da haka ya daure ya yi mata bayani mai tsawo, yana nuna cikin injin. Ta tsaya kamar an dasa ta. Ta san kalmar zuciya da hawaye da kewa da dusar ƙanƙara, ta san hanya biyar ta cewa kada ka tafi ka bar ni, amma ba ta san noti ba, ba ta san zafin gam ba.

"To me ya ce?" in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, ban kama duka ba."

"Wanne kika kama?"

Ɗaya daga cikin mazan ya ce a bari ta rera masa, ko injin zai ji tausayi. Aka yi dariya. Manaja ya ce, "Malama, koma teburinki, muna da aiki."

Ta dawo ta zauna. Hannunta ya ci gaba da naɗi kamar kullum. Da aka kusa tashi ta miƙe ta nufi ofishin manaja, na ɗauka haƙuri za ta ba shi. Ashe littafin bayanin injin ta je aro, shafi tamanin, duk da yaren Koriya. Ya ce ta ɗauki hotonsa in tana so, ba mai karanta shi dama.

A bas ta tura wa guruf saƙo, ta nuna min. Ta rubuta: "Kun iya raba aiki in mawaƙi na neman ƙuri'a. Yau Antinku ce ke nema. Duk wanda ya iya baƙaƙe ya ɗaga hannu."

Mutum arba'in da wani abu suka amsa. Ɗalibar asibiti, wadda a lokacin ta zama cikakkiyar nas, ita ta raba shafuka bibbiyu, ta naɗa masu bin sahu kamar yadda suke yi ranar zaɓe. Kowa ya kwafe kalmomin shafinsa ya nemo su a ƙamus. Ran Asabar, ko da ba ƙarshen wata ba ne, suka cika ɗakin saman shagon, ba wanda ya taka rawa. Sai wata matsala ta taso: sun samo kalmomin da Turanci, amma ba wanda ya san abin da suke nufi a jikin ƙarfe. Kurma ta kira mijinta a waya.

"Baban yara, kana kusa? Zo ka taimake ni."

Ya zo da rigar aiki, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hotunan samarin da aka manna a bango. "Su ne surukan nawa?" ya ce. Sannan ya ja kujera ya duba zanen. "Wannan boris ne. Wannan sifirin. Nan ake zuba giris. Wannan bel ne, in ya saki komai ya tsaya." Awa uku ya yi yana faɗa tana rubutawa, layi uku-uku: Koriyanci, Hausa, da ɗan zane.

Ran Litinin ta riga kowa zuwa. Da dattijon ya shigo ta tare shi, ta ɗan rusuna, ta faɗi jimlar da ta yi ta maimaitawa tun daga gida: ta yi kuskure, a waƙa ta koyi yaren, ya yafe mata. Ya saurara har ta gama. Sai ya yi murmushi ya ce wani abu.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Wai jikarsa ce kaɗai ke masa magana irin ta ranar nan, ita ma sai in tana so ya kai ta yawo. Kuma wai waƙoƙin nan hayaniya ce."

Ta buɗe littafinta, ta roƙe shi ya yi magana a hankali. Ya ɗauko takarda ya naɗe ta ta tsawo, ya sake naɗe wata ta faɗi, ya faɗi kalma ɗaya. Kalmar ba ta cikin littafinta, amma hannunta ya san abin. Duk mai naɗi ya san takarda tana da gefen da take yarda a lanƙwasa ta, da gefen da take gardama. Mu da hannu mukan lallaɓa ta, inji kuwa ba ya lallashi. Ta juya ta ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, injin lafiyarsa ƙalau. Mai yanka ne yake yanka takardar a karkace da yadda ta kwanta. A juya ta kafin a yanka. Kuma ya ce gam ɗinmu ya fi nasu kauri, a ƙara masa wuta."

Aka yanka sabuwa, aka jira gam ya yi zafi. Littafin farko da ya fito, manaja ya buɗe shi a tafin hannu ya kwanta lumui. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Bai ce ta yi ƙoƙari ba, cewa ya yi, "Kawo kujerarki nan."

Sauran kwanakin tana gefen dattijon daga safe har tashi. Rabin maganar da baki, rabi da hannu. Yana gyara mata lafazi, tana rubutawa. Da hutun rana yakan kunna mata tsofaffin waƙoƙin zamaninsa, masu jan murya kamar kuka, ita kuma ta kunna masa nata ya toshe kunne. Ta koya masa sannu da aiki, ya riƙa gaya wa kowa, har da mai gadi da ke gyangyaɗi.

Ranar ƙarshe dattijon ya kira manaja ya yi magana, ya nuna ta. Kurma ta sunkuyar da kai ta ƙi fassarawa. Sai da manaja ya matsa ta ce, "Wai ni ya kamata a bar wa injin. Wai na fi su gane shi."

"Shi ya faɗa, ko ke kika ƙara gishiri?"

Dattijon bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskar manaja. Ya ɗauko makullin akwatin wutar injin daga aljihunsa, ya wuce mazan nan biyu, ya ajiye shi a kan littafinta.

Wata uku na gwaji aka ba ta. Ba mace da ta taɓa riƙe inji a wurin, mazan kuma ba su sauƙaƙa mata ba. In bel ya saki sai kowa ya shagala da wani aiki. Ta koyi ɗaure shi da kanta, tana kwance a ƙasa da sufana. A sati na biyu tukunyar gam ta ƙone ta a wuyan hannu, tabon na nan har yau. Nas ɗin nan ta ɗaure mata, washegari ta zo aiki. Wata ukun suka wuce, ba wanda ya sake tayar da maganar gwaji.

Bara ta zauna jarrabawar yaren, irin wadda ake ba da takardar shaida. Tafiyar yini guda ce zuwa inda ake yi, mijinta ya kai ta. Ta ci ɓangaren saurare da na karatu, ta faɗi a rubutun insha'i. Ranar da sakamako ya fito na same ta a bayan injin da hutun rana, ta baza takardu a kan kwali.

"Sai haƙuri," na ce.

"Na me? Sun yi gaskiya. Tambaya suka yi a kan amfanin zama a birni da na ƙauye, ni kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce layi huɗu ba."

"To yanzu fa?"

"Akwai wata jarrabawar nan da wata shida, na riga na ba da suna. Kullum shafi ɗaya zan rubuta, in tura wa dattijo ya yi min jan biro. Jiya ya dawo min da na farko, ja ya fi baƙi yawa." Ta miƙo min wayar na gani, ta karɓe, ta duba agogon bango. "Saura minti goma. Matsa min da wannan kwalin, a kan ƙauye nake, ban ko shiga birni ba."