Sallamar da Khaulat Ba Ta Amsa Ba

Katanga ɗaya ce tsakanina da Khaulat matar Sajo a unguwar Lokuwa, don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin mutane na tsinta ba. Malamar firamare ce, ga yara, ga kuma karatun digiri da ta ɗora wa kanta. Kafiya gare ta. In ta ce za ta yi abu, ka matsa mata hanya kawai. Kuma duk Mubi ban san mai son gaisuwa irinta ba. Ko mai tallan gawayi sai ta tambaye shi mutanen gida.

Darasi ɗaya ne ya tsaya mata a wuya, wai shi kalkulas. Ta faɗi shi. Makarantarsu ta ce in ta yi kwas ɗin ta intanet a dogon hutu ta ci, za a sa mata makin ta wuce ajin ƙarshe. In ba haka ba, ta maimaita shekara.

Duk daminar nan tana gindin dalbejiyar tsakar gidansu, inda sabis ya fi ƙarfi, da kwamfutar aro a cinya. Na taɓa leƙowa na ce, "Wai mene ne abin nan da ya hana ki zuwa suna?"

"Kin ga mayo, kogin nan namu, bayan an yi ruwa?" in ji ta. "Ba yawan ruwan ake tambaya ba, saurin hawansa. Wannan karon sai na kayar da shi, maƙwabciya."

Na yarda da ita, don ban taɓa jin ta cika baki a banza ba.

Jarrabawar tana da doka. Kyamara a kunne, ita kaɗai a ɗaki. In ta yi magana da wani, ko wani ya gitta, an soke. Sai Khaulat ta yi dabararta: ana gobe jarrabawa ta bi unguwa gida-gida, ta gaida kowa, ta ce gobe da safe tana da babban al'amari, a yi mata uzuri.

Kai, Khaulat! A garin nan ka ce kana da babban al'amari ka zaci za a bar ka? Da hantsi sai ga mata da lulluɓi, wata har da kwanon kunu, sun zo taya ta. Sajo yana kasuwa. Labari kuma ya riga ya kai Maiha, domin wadda ta sha gaban kowa ita ce Dada, uwar Sajo, ta sauko daga mota da ƙullin gyaɗarta.

Ina jin ta a ƙofar ɗakin, da irin Hausarta. "Salamu alaikum. Khaulat yana nan?"

Shiru. Ta sake. Shiru. Surukar da Khaulat take durƙusa wa tun daga zaure! Daga baya Khaulat ta gaya mini tana jin muryar, hawaye na zuba a kan takarda, amma ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da lissafinta.

Na zagayo da gudu ko mayafi babu, na raɗa wa Dada yadda abin yake. Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce, "In ya amsa mini, shekara ya tafi?"

Na ce e.

Sai tsohuwar nan ta juya. Ta ja tabarma har bakin zaure, ta kora mu waje gaba ɗaya, ta zauna ta tare hanya. Duk wadda ta yi sallama ita ke amsawa, ta yi mata gaisuwar "jam na" har ta ƙoshi, ta karɓi kunun, ta sallame ta.

Da Khaulat ta fito, kai tsaye ta zube gabanta. "Dada, ki yafe mini."

"Tashi," in ji Dada. "Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci, Dada. Ko ba a faɗa ba na sani."

Ta kuwa ci. Yanzu tana ajin ƙarshe, kuma har yau in Dada ta zo daga Maiha ba ta yin sallama sai ta leƙa ta ga ko kwamfuta a buɗe take.