Sauran 'Ya'yan Kazar Iya Dije

A ƙauyenmu da ke bayan Doguwa, da an gama girbin masara sanyi ke sauka. Mu jikoki sai mu kewaye murhun kakarmu Iya Dije bayan sallar isha'i, tana gasa mana dankali a toka tana yi mana tatsuniya. Ni ta fi tsokana. "Maigida" take ce mini, wai mijin da ko gishiri bai taɓa sayo mata ba.

Rannan ta nuna mana curin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Ta ce da can a ƙasa kazar take, shirwa ta addabe ta da ɗauke 'ya'ya. Sai ta kwashe su ta hau rimi, daga rimi ta bi hayaƙi har sama. Shirwa ta biyo ta tana tambaya, "'Yan tsakinki nawa?" Kaza ta nuna bakwai, sauran ta danne su a ƙarƙashin fiffike.

"Sauran nawa ne, Iya?" in ji ƙanwata Ladidi.

"Sun fi ɗari, 'yar nan."

Ina aji biyar a lokacin, boko ya fara hau mini kai. Na tuntsire da dariya, na ce malaminmu ya ce bakwai ne cif, sauran ƙaryar tsofaffi ce. A gaban kowa na faɗa.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta iza wuta ta ce, "To maigida, sai malaminku ya ƙarasa muku." Daga ranar, da na zauna sai ta ce barci take ji. Ni kuma girman kai ya hana ni ba ta haƙuri.

Bara, ina malamin kimiyya a Tudun Wada, aka tura mu kwas ƙasar waje. Aka kai mu wani ɗakin kallon taurari mai rufi kamar ƙwarya a kife. Da aka kashe fitila, mai bayani ta shiga nuna hotunan da na'urorin hangen nesa suka aiko daga sararin samaniya. Sai ga kazarmu. Ta matso da hoton, taurari suka yi ta ɓullowa a bayan bakwai ɗin nan har rufin ya cika. Ta ce sun haura dubu, ido ne ba ya kai musu. Kowa na tafi, ni ina salati.

Ina dawowa na nufi gida da goro. Iya ta makance yanzu, hoton da ke wayata bai amfane ta da komai ba. Na durƙusa na ce, "Iya, sun fi dubu. Ki yafe mini."

Ta yi dariya. "Ashe ma rage musu na yi. Na yafe tuntuni, ja'iri."

"To ki ƙarasa mini. Yaya ta ƙare da shirwa?"

Bakinta ya shiga motsi. "Ta hau rimi ko? Daga nan..." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Maigida, ajiye maka na yi, ina jira ka zo ka tambaya. Ka daɗe da yawa. Ƙarshen ya ɓace mini."

Na tambayi Ladidi, ta ce su ma ba a taɓa ƙarasa musu ba. Yanzu duk ajin da na shiga nakan nuna wa ɗalibai hoton nan, in ba su labarin kazar. In suka ce, "Malam, sai me ya faru?" sai in gaya musu wanda ya jawo babu amsa.