Kazar Zumuntar Mata da Tafiyar Malam Iliya

Masu rubuta tarihi sun ce jirgin ƙasa ne ya kawo wayewa Kafanchan. Ni da na yi shekara goma ina koyarwa a ajin da ke manne da na Malam Iliya, na san ba haka ba ne. Jirgi ya kawo gawayi da 'yan dako. Wayewa kuwa a kan keke ta shigo, sanye da nektai, da ƙamus ɗaure a bayan keken. Ko gonar citta Malam zai duba, da ƙamus ɗin yake zuwa, wai ba a san inda kalma za ta tare mutum ba.

Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan, sai Malam ya yanke cewa Turancinsa ya fi ƙarfin Kafanchan, ƙasar waje zai kai shi. Wasiƙarsa ta farko Ingila ya aika.

Na ce, "Malam, ai can ne gidan Turancin."

Ya ce, "Habila, gidan maƙeri ne ba wuƙa. Jiya na ji wani Baturen can a rediyo, rabin kalmominsa haɗiyewa yake yi."

Ingila ba ta amsa ba. Sai wani direban babbar mota ya gaya masa ana neman malaman Turanci a Maraɗi. Malam ya rubuta musu ran Talata, ran Juma'a ya ajiye aiki, ran Lahadi ya sanar a majami'a.

To, kun san halinmu. Mutum ba ya tafiya nesa sai ikilisiya ta sallame shi, wanda aka sallama kuwa ba a son ganinsa a kasuwa mako na gaba. Aka yi biki. Mawaƙa suka rera waƙa uku, Fasto ya yi wa'azi a kan kiran Ibrahim, Mama Rahila shugabar zumuntar mata ta soya kaji biyu daga nata akurki.

Na matsa kusa da Malam na ce, "Takardar ɗaukar aikin fa?"

Ya ce, "Ibrahim ya jira takarda?"

Hutu ake, sai na raka shi. Shugaban makarantar a Maraɗi mutum ne mai fara'a, amma ba ya jin Turanci, dole aka koma Hausa.

"Malam, kana jin Faransanci?"

"Ko ɗigo."

"To, da mi za ka yi wa yara bayani?"

"Ba a bayanin Turanci, ranka ya daɗe. Faɗawa ake yi ciki, kamar ruwan wanka da sanyin safiya."

Mutumin ya yi dariya, ya ba mu shayi, ya ce doka ta hana ɗaukar wanda ba ya jin Faransanci. Malam ya miƙe ya yi godiya da Turanci mai tsawo, har shugaban ya sunkuyar da kai, yana zaton addu'a ce.

Muka kamo hanyar gida a mota. Da muka iso Kaduna sai ya sauke akwatinsa.

"Habila, na ci kazar zumuntar mata. Da wace fuska zan dubi Mama Rahila?"

A Kakuri ya zauna wurin wani ɗan'uwansa. Shekarun fari ne, Buzayen Nijar sun cika gari suna gadin masaƙu da gidajen Turawa. Malam ya tara su gindin mangwaro yana koya musu Turancin gaisuwa da ƙirga da yadda ake tsayar da baƙo a ƙofa. Da na kai masa ziyara ya nuna su da alli ya ce, "Ƙasar waje ta gaji da jirana, ta zo da ƙafarta."

Ni kuma a gida, duk wanda ya tambaya sai in ce yana koyar da 'yan Nijar. Ban taɓa ƙarya ba.

Bayan shekara biyu ya dawo. Mama Rahila ta rungume shi tana kuka. "Wayyo ɗana, duba yadda Nijar ta busar da kai!"

Ya ce, "Mama, kazarki ce ta riƙe ni."

Ta rasu tana alfahari da shi, kuma shi ke nan abin da ya nema. Ranar jana'izarsa Fasto ya karanta cewa marigayi ya bauta wa ilimi a gida da waje, muka ce amin. Ubangiji ya ba bawansa hutawa, ya karɓe shi ba tare da tambayar takarda ba, ya ta'azantar da mu da muka yi dariyarsa muna ƙaunarsa.

Kwanansa biyu a ƙasar waje, ɗayan ma Lahadi ce.