Mutanen da Suka Dafa Ƙanƙara

In da gaske ne duniya zafi take ƙarawa, yaya aka yi sanyi ne ya ɗauke mini Malam? Na tambayi ɗana, ya ce zancen ɗumamar duniya surutun Turawa ne kawai, Allah ke juya lokaci yadda ya so. Na tambayi 'yarsa, wadda ke rubuta wannan maganar tawa don ni ko alif ban iya ja ba, ta ce ai zafin ne ke rikita komai, har sanyi ya zo ba a kan ƙa'ida ba. Ta nuna mini a wayarta raƙuma suna tafiya a kan wani abu fari fat cikin hamada, ta ce dusar ƙanƙara ce ta sauka inda ba a saba ganinta ba. Uba da 'ya suka yi ta musu a kaina har tuwo ya huce. Ban san wanda ya fi gaskiya ba. Ni dai da na ga farin nan kuka ya ƙwace mini, don na san shi tun ina yarinya a bakin Iya, kuma wanda muka ji labarin tare ba ya nan balle in miƙa masa wayar.

Iya kakarmu ce. Ita ta haifi babana, ita ta haifi uwar Malam. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana da rai ba, ba yanzu zan fara ba. A lokacin Yaya nake ce masa, in tsokana ta motsa in ce bawana, don shi ɗan mace ne ni 'yar namiji.

Ƙauyenmu yana gab da kogin Challawa. Shekarun da nake faɗa, bayan babban farin nan ne da ya ƙarar da shanu, lokacin da aka fara zuwa ana auna gonaki ana kafa turaku, wai kamfanoni za su zo. Kamfanonin Sharada sun riga sun fara hayaƙi, mu namu bai iso ba tukuna. In hunturu ya kama, bayan sallar isha'i kowane yaro ɗakin Iya yake nufa, don ita kaɗai ke da gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi. Takan binne mana dankali a toka, ta zauna da mazarinta tana kaɗi, mu kuma mu jeru muna miƙa ƙafafu, kaushi duk ya tsattsage.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Wanda ya ƙoshi ya ja baya, labari ba ya zama a kan tuwo." Sannan ta dubi Malam, da yake shi ne babba a cikinmu. "Kai maigidana, miji ba cefane, tura mini itacen nan."

"Iya, ai na sake ki tun jiya."

"Saki ba ya kama tsohuwa da sanyi. Tura itace."

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta mutanen da suka dafa ƙanƙara. Wai a wani ƙauye aka yi shekarar yunwa. Wata safiya aka tashi, sai ga wani abu fari ya rufe ko'ina, kan danni, kan rumbuna, bakin rijiya. Ya sauko cikin dare ba ƙara ba tsawa, ga laushi kamar an tankaɗe. Mutane suka ce Allah ya ji kukansu ya saukar musu da garin tuwo. Kowa ya fito da ƙwarya da masaki. Mata suka ɗora manyan tukwane, suka cika su har baki, suka yi tozo a kai, kowace tana leƙen ta maƙwabciyarta kada a fi ta. A nan Iya takan ajiye mazari ta kama muciyar da babu, ta yi ta tuƙi a iska tana haki, mu kuwa muna birgima don dariya. Abin ya narke ya zama ruwa, ya malalo ta gefen tukwane, ya kashe wuta. Kafin hantsi babu murhu ɗaya mai rai a ƙauyen. Sannan sanyi ya sauko na gaske.

Saura gida ɗaya, na wata makauniya a can ƙarshen ƙauye. Ita ba ta ga farin ba. Ta dai taɓa, ta ji sanyi, ta ce abin da ya ƙi hannu ba zai so ciki ba, ta koma ta zauna gaban wutarta. Da aka hango hayaƙi, sai kowa ya zo da kasko. Ba ta hana kowa ba, amma ta ce, "Kada wanda ya wuce da ita gidansa kai tsaye. Ka tsaya a gidan da ka fara tararwa, ka hura musu, ka jira ta kama, sannan ka ɗebi sabon garwashi ka yi gaba." Wani mai ƙarfi ya ce shi yana da yara suna jira, ya ɗauka ya sheƙa a guje. Kafin ya kai rabin hanya garwashin ya mutu. Ya komo, ya sake gudu, garwashin ya sake mutuwa. Waɗanda suka bi maganarta kuwa, gida gida, har wutar ta riga shi isa gidansa, ta hannun maƙwabta.

"Garwashi gajeren numfashi gare shi," in ji Iya. "Ba ya kai mutum gida sai ya huta a gidan wani."

Malam ba ya barin magana ta wuce. "Iya, wannan dai ƙarya ce. Ƙanƙara ai kamar tsakuwa take faɗowa, har ta fasa ƙwarya. Wa ya taɓa ganin mai laushi?"

"Kakata ta ji a bakin kakarta."

"Ita ta gani?"

"Kai ka ga ranar da aka haife ka? Ga ka kuwa, kana cinye mini dankali."

Da muka girma aka haɗa mu aure, ba wanda ya yi mamaki. Gonar baban Malam tana cikin waɗanda turaku suka ci, sai ya shiga kamfanin fata a nan Challawa, yana wankin fatu a cikin ruwa. Wata rana ya dawo da yamma, ko keken bai jingine daidai ba, ya ce in taso mu je wajen Iya. Ashe a ofishin wani baƙo da ke kula da injuna ya ga tsohuwar kalanda mai hoton ƙasarsu, gidaje da itatuwa duk sun nutse cikin fari. Ya roƙa aka yage masa shafin. A lokacin idon Iya ya yi rauni. Ta kai takardar har kan hancinta, ta daɗe tana dubawa.

"Iya, na zo neman gafara. Ashe akwai mai laushin."

"Tawa ta fi wannan fari," ta ce. Can kuma ta ce, "Ban ga hayaƙi ba. Su waɗannan bayin Allah wa ke ba su wuta?"

Ba ta ga damina biyu bayan nan ba, Allah ya jiƙanta.

Shekarar da abin ya faru ina goyon ɗana, wannan mai musun. Sanyin bana ya fi na bara, haka ake cewa kullum, amma wannan dabam ne. Tsofaffi suka ce ba su taɓa jin irinsa ba. Ruwan randa sai an ɗumama kafin a yi alwala, 'yan awaki suna mutuwa a turke. Sai kuma ga hadari ya haɗo a tsakiyar hunturu, abin da ba a sani ba. Da magariba aka saki ruwa da ƙanƙara, ta kwanta a tsakar gida fari fat, ta ƙi narkewa. Harawar da ke kan rufi ta jiƙe, itacen kowa ya jiƙe.

Malam ya kamata ya tashi aiki da isha'i. Na ajiye masa ruwan zafi da tuwo. Ruwan ya huce na sake ɗorawa. Bai shigo ba sai da gari ya waye, yana tura keke, ba rigar sanyi, ba hula, leɓɓansa sun yi baƙi, haƙoransa suna haɗuwa.

A hankali na ji abin da ya faru, rabi a bakinsa, rabi a bakin abokan aikinsa. A jikin doguwar katangar kamfanoni akwai 'yan ci-rani da ke kwana, daga ƙauyukan Kano da na Nijar, suna jiran a buɗe ƙofa da safe ko za a ɗauke su aikin yini. Kwali da buhu ne shimfiɗarsu. Ruwan ya jiƙa su, ya jiƙa ashanarsu, ya kashe 'yar wutar da suke ji. Malam ya fito ya tarar da su tsugune rukuni rukuni, wasu ko magana ba sa iyawa. Wuta ɗaya ta rage a duk layin, ta wani mai shayi da ke da rumfar kwano. Malam ya nemi gwangwanin madara ya ɗebi garwashi. Ya roƙi masu gadi busassun katakai na akwatunan kaya. Ya fara da rukunin da ya fi kusa, ya durƙusa cikin ƙanƙara yana hurawa har ta kama, ya ɗebi sabon garwashi ya yi gaba. Waɗanda suka farfaɗo suka tashi suka taya shi, har aka kai ƙarshen katanga. Rigar sanyin wani dattijo ya ba wa, hular ban san inda ta tafi ba.

Ban yaba masa ba a ranar. Ina gasa masa ƙirji da tsumma ina faɗa.

"Kai ne gwamnati? Masu kamfanin da suka tara su ina suke? Kana da mata, kana da jariri!"

Yana rawar ɗari yana dariya. "Asabe, jikar Iya ce ke wannan magana? Bawa ya riƙe, uwargijiya ta yar."

"Tatsuniya ce, Malam! Tatsuniya!"

"To ai ta yi aiki. Ko ɗaya bai mutu ba."

Sanyin ya shiga haƙarƙarinsa. Ya kwanta asibiti, ya tashi, amma ƙirjin bai koma daidai ba har abada. Masu zuwa dubiya sukan zauna a zaure su yi ta musu a kan abin da ya kawo ƙanƙara da hunturu. Wani ya ce zunubi ne ya yi yawa. Wani abokin aikinsa ya ce hayaƙin nan da ake turawa sama dare da rana ba zai tafi a banza ba, ga ɗorawa da kuka duk an sare. Wani ya ce alamar tashin duniya ce. Suka nemi Malam ya raba gardama. Ya ce shi bai san abin da ya saukar da ita ba, ya dai san a kan wa ta sauka.

Daga shekarar nan, duk hunturu sai tari ya kwantar da shi. Aikin ruwa ya gagare shi, ya koma sayar da goro a bakin ƙofar da yake shiga da. Ban taɓa jin ya ce da na sani ba. Ni ce mai cewa, a zuci, duk daren da na zauna ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya a kan wauta take, mutanen da suka ga fari suka ce abinci ne. Da na girma na ɗauka a kan haɗama take. Sai da na zauna da mutumin nan shekara da shekaru na gane ashe aiki ta ba mu, kuma a cikin duk yaran da suka ci dankalinta, wanda ya ƙaryata ta shi kaɗai ya karɓa. Abu ɗaya nake riƙe da Iya a kansa: ba ta taɓa faɗa mana abin da ke samun mai ɗaukar kaskon ba. Da ta faɗa, wataƙila da na shirya. Wataƙila kuma ta sani, ta ga yara ne mu.

Yanzu yawancin kamfanonin sun yi shiru. Amma har yau samari suna zuwa daga ƙauyuka, suna tuƙa keke napep, ba su da wurin kwana, Malam kuwa bai taɓa yarda a sa wa zaurenmu sakata ba. Hunturun da ya wuce ya zo da ƙarfi. Malam ya kwanta kamar kullum, na ce zai tashi kamar kullum. Na lulluɓa masa barguna biyu, na ƙara da zanena. Ranar da zai bar ni, bayan ya yi sallar asuba a kwance, muka ji wani yana tari daga zaure. Ya buɗe ido yana saurare. Na ce ya kwanta, yaro ne, zai warke. Ya laluba ya kama bakin bargon sama, bai iya ɗaga shi ba, sai ya tura shi wajena.

"Asabe, miƙa masa wannan. Ni na ji ɗumi."