Tsohon da Aka Cike wa Tafki

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, ɗakin da in ka yi atishawa sai na kusa da kai ya faɗo daga gado. Maƙwabcinmu tela ne, Bamisire. Wata rana mahaifinsa, tsohon masunci, ya zo daga ƙauye da tsarabar kifin gishiri. Wallahi da aka buɗe gwangwanin, ƙudajen Alƙahira kaf suka zo gaisuwa. Daddawa turare ce a gabansa! Muka ci don kunya, muka ƙara don daɗi.

Ƙauyensu yana bakin wani tafki ne can arewa, inda Nilu ke haɗuwa da teku. Ruwan zartsi ne, ga ciyawa ta fi mutum tsawo, tsuntsaye kuwa in sun tashi sai rana ta nemi hanya. Muna shan shayi tsohon ya ce hukuma na zuƙe ruwan, motoci na zuba ƙasa, za a yi gonaki.

Abokina na Damagaram, wanda tun yaye yake jan guga, ya yi zumbur.

"Mabruk, ya Hajj! Fadama kyauta! Albasa, tumatir, ka huta da sauro!"

Mu ma muka shiga jero barka, don a wajenmu wanda aka ba fadama ya gama da duniya.

Tsohon ya ajiye kofi.

"Ya ibni, ɗana, ubana da kakana suna kwance a wani tsibiri a tsakiyar ruwan nan. A kwalekwale muke kai musu ziyara. Albasa za a shuka a kansu?"

Muka koma kan shayinmu.

Ashe ƙara ya kawo birni. Ya yi ta zarya a ofisoshin Wustul Balad, tsakiyar birni, ana ce masa ma'alish, yi haƙuri, dawo gobe, har takalminsa ya gaji ya koma gida. Ba a daɗe ba sai ga shi ya dawo, wannan karon da katifa da tarunsa, don an cike tafkin.

Wata safiya na hau rufin bene shanya. Na tarar da shi ya ware ƙafa, ya wurga taru a kan busasshen siminti, yana janyo shi a hankali. Na sauko da kayana a jiƙe.