Ranar da Miyar Odile Ta Shiga Mota

Duk wanda ya san Alcide Naquin da abu biyu ya san shi: bakinsa da jar motarsa. Bakin dai da shi aka haife shi. Motar kuwa sai da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin injinan jiragen kamun jatan lande, can ƙarshen fadamun Louisiana, sannan ya saye ta ranar da ya ajiye aiki. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ta kwanta a ƙasa kamar kunkuru, in ka sa buhun shinkafa ɗaya a bayanta to an gama lodi. Matarsa Verna ta taɓa shiga sau ɗaya, iska ta watsa mata gashin da ta wuni ana gyarawa, ta ce ita da motar nan haihata-haihata.

Da wannan bakin ya addabi maƙwabcinsa Wilfred, wanda ya sayi ƙaramar bas ta iyali, irin mai ƙofar da ake ja gefe. Kullum da safe sai ya leƙo ta kan shinge.

"Wilfred, yau 'yan makaranta za ka kwaso, ko burodi za ka kai kanti?"

Wilfred mutum ne mai sanyin hali, sai dai ya ɗaga masa kofin gahawa ya ci gaba da karin kumallonsa.

Ana nan, ƙarshen watan Agusta, rediyo ta fara zancen guguwar da ta taso daga teku ta nufo su. Gari ya ɗauki ƙarar guduma, kowa na toshe tagoginsa da katako, layin gidan mai ya miƙe har gaban coci. Alcide ko a jikinsa. Shi da wansa Clovis sun ga guguwa iri-iri, kuma dabararsu ɗaya ce tun ta mahaifinsu: in ruwa ya shigo gida a hau cikin rufi da gatari, in ya biyo ka can ka fasa kwano ka fito sama. Sai dai bana akwai matsala. Ɓarin jikin Clovis ya shanye, a keken guragu yake, ko matakala ɗaya ba ya iya takawa balle tsani. Ga shi hanyar fita garin guda ɗaya ce tak, kuma ita ruwa ke fara cinyewa.

Alcide ya same shi a baranda yana kallon sama.

"Yaya, bana fa tafiya za a yi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Har da kai nake nufi."

"Ni? In an ɗauke wuta wa zai zuba wa janareta mai?"

"Janaretan banza! Ruwa zai kawo maka iya wuya kana zancen janareta?"

"In ya kawo wuya sai in ɗaga haɓa," in ji Clovis, ya juya kekensa ya shige ɗaki.

Alcide ya koma gida yana huci, yana cewa tsufa ya taɓa kan wansa. Verna tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai dai baki gare ka, ido ne babu. Ba janareta yake gadi ba, firiza yake gadi. Miyar Odile tana ciki."

Odile matar Clovis ce, ta rasu bara waccan. Ashe kafin ta kwanta asibiti ta dafa ƙatuwar tukunyar miyar kuɓewa da jatan lande da ƙaguwa, ta zuzzuba a robobin askirim ta jera a firiza don kada mijinta ya zauna da yunwa. Ya cinye duka ban da roba ɗaya. Wannan ɗayar ya kasa ci, ya kasa zubarwa. Jikin Alcide ya yi sanyi, tausayin wansa ya kama shi, har ya rasa abin faɗa, abin da Verna ta ce ba ta taɓa gani ba tun aurensu.

Suka koma tare da kular ƙanƙara, Verna ta ce a sa robar a ciki a tafi da ita. Clovis ya dubi kular kamar an zage shi.

"Da hannunta ta ajiye ta a lungun hagu. Ba wanda zai ɗaga ta."

"To ai sai a ɗauki firizar gaba ɗaya!" Alcide ya faɗa cikin gatse.

"Yauwa ƙanena," in ji Clovis. "Yanzu ka yi magana."

Haka bakin Alcide ya ja masa. Washegari da safe ya auna firizar da igiyar shanya, ya ƙulla tsawo, ya ƙulla faɗi, ya shiga jar motarsa ya nufi wurin masu sayar da motoci, Verna na biye a motar ƙawarta. Yana isa ya zarce wurin manyan a-kori-kura, irin na maza, masu taya iya ƙugu. Verna ta riƙo masa riga.

"Da ƙugiya za ka ɗaga Yaya Clovis ka jefa shi can sama? Kuma firizar a buɗaɗɗen baya za ta sha ruwan sama? Wuce nan, malam."

Inda ta nuna, ƙananan bas ne guda uku suka rage, kowace sak ta Wilfred. Dillalin, wani mai zaƙin baki, ya fara lissafa wuraren ajiye kofi da talabijin na yara. Alcide bai ko saurare shi ba. Ya buɗe baya, ya rarrafa ciki da igiyarsa, ɗuwawu a sama. Ta farko ta gaza da tafin hannu. Ta biyu kujerunta ba sa fita. Ta uku, mai launin ruwan wanke shinkafa, kujerunta na baya suna nutsewa cikin ƙasa, ƙofarta ƙasa-ƙasa yadda gurgu zai zame ya shiga, har da soket na wuta a gefe.

"Soket ɗin nan zai ja firiza?"

"Yallaɓai, me aka yi aka yi firiza?" in ji dillalin. Allah ya isa tsakaninmu da irin wannan amsa.

Aka yi musaya. Alcide ya miƙa makullin jar motarsa yana kallon wani gefe, ya ce ƙura ce ta faɗa masa a ido, alhali ranar ko iska ba ta motsi.

Da yamma aka yi abin da aka saba yi kafin guguwa: aka kwashe duk abin da ke cikin firizar, agwagin daji da kifi da ƙaguwa, aka dafa a tsakar gida aka kira maƙwabta, don gara ciki ya ɗauka da a dawo a tarar da wari. Robar Odile kaɗai aka bari a lungunta. Da gari ya waye ƙarti huɗu suka cusa firizar a mota, aka zaunar da Clovis a kujerar da ke jikinta, aka naɗe kekensa. Alcide ya ja hula har kan hanci ya bi ta bayan layi don kada Wilfred ya gan shi.

Ba su bar gari da nisa ba soket ya yi ɗan ƙara ya mutu. Suna hawa babban titi kuma suka tarar da duk jihar ta riga su, motoci sun cushe iya ganinka, tafiya sai ka ce ta hawainiya. Rana ta take. Clovis ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗaga murfin firiza ya leƙa.

"Yaya, rufe! Sanyin kake fitarwa!"

"Dubawa nake ko da sauran sanyi."

Bayan ɗan jim ya sake dubawa. Ya kuma sake. Alcide ya yi faɗa, ya yi magiya, ya ce zai ɗaure murfin da igiyar shanya, duk a banza. Wajen la'asar, motoci sun tsaya cik, mutane sun fito suna miƙe ƙafa, sai Clovis ya yi magana da wata murya da Alcide bai san shi da ita ba.

"Alcide. Ta narke."

Alcide ya riƙe sitiyari cikin baƙin ciki. Ya rabu da motarsa, ya zubar da girmansa, ga shi abu ɗaya da aka damƙa masa ya lalace a hannunsa. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa gilashi. Ya juyo, sai ga Wilfred da kofin gahawarsa, motarsa na layin gefe. Ya ƙare wa sabuwar motar kallo daga gaba har baya, a tsanake.

"Alcide, 'yan makaranta ka kwaso, ko burodi za ka kai kanti?"

"Wilfred, yau ranarka ce, ka ci kasuwarka. Amma don Allah kana da murhun gas a motar nan?"

Mai irin wannan mota ai ba ya rasa komai. Akwai murhu, akwai tukunya, har da sauran shinkafar jiya. Verna ta juya baya ta dubi Clovis.

"Yaya, ko dai a ci yanzu, ko gobe a zubar. Kai za ka faɗa."

Clovis ya sa hannu da kansa ya ɗauko robar daga lungun hagu ya miƙa mata.

A bakin titi aka ɗumama ta, ƙamshi ya bi layin motoci har mutane na waiwaye. Rediyon wata mota na faɗin ruwa ya haye hanyar garinsu, ba shiga ba fita. Aka zuba wa Clovis a kofin roba, kowa ya zuba masa ido. Ya kai cokali baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce. "Shekara arba'in ina gaya wa matar nan."

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya laluba da cokali ya tsamo jatan landen da ya fi girma, ya jefa a kofin ƙanensa.

"Ci, kai ka fi kowa asara. In ka gama ka ja mu mu tafi, direban makaranta."